Malam Sikeli da Filayen Nan Biyu

Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin gwaji na sashen noma a jami'a, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Malam Sikeli. Aikinsa shi ne ya auna hatsin da aka girbe daga filayen gwaji, ya rubuta nauyin kowane fili a wani babban littafi mai baƙin bango, ya sa hannu. Bai yi digiri ba, amma da lambobinsa rabin malaman sashen suka samu nasu. Ɗalibai kan tsokane shi cewa ko gaisuwa sai ya ɗora a sikeli kafin ya amsa.

Matarsa ta rasu tun 'yarsu tilo tana firamare. Da 'yar ta yi aure ta koma wani gari, ɗakin gwajin ya zame masa gida. Nan yake cin abincin rana a tsakanin buhuna, direbobi da masu shara suna taya shi hira.

Wata shekara shugaban sashen, wanda kowa ke kira Farfesa, ya gwada wani sabon taki a filaye goma. Takwas sun yi kyau. Na huɗu da na tara kuwa ko filin da ba a zuba wa komai ba ya fi su. Farfesa ya sauko da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ja kujera, ya kira shi yayana, ya tambayi lafiyar 'yarsa. Sannan ya ce wataƙila sikelin ne ya yi gardama, gara a cire filayen biyu a sake rubuta shafin.

"Ranka ya daɗe, sau uku na auna," in ji Malam Sikeli. "In na cire su, hannun wa zan sa a ƙasa?"

Ba wanda ya ɗaga masa murya. Bayan mako biyu takarda ta zo, an mayar da shi sito, can ƙarshen baranda, inda ake jibge karyayyun kujeru da injunan da suka mutu. Littafin ma can aka kai shi cikin tsofaffin kaya. Abokan hira suka ɗauke ƙafa, ba don ƙiyayya ba, kowa dai yana da bakunan da yake ciyarwa. Da ya ba 'yarsa labari a waya, ta ce, "Baba, a kan fili biyu kacal?" Sai ya tambayi lafiyar jikokinsa. Binciken Farfesa ya fito a mujalla da filaye takwas.

Shekara huɗu yana share ƙurar kayan da ba mai nema. Ran nan wata ɗaliba mai neman digiri na uku ta yi sallama. Ta ce damina uku tana gwada takin nan, wani fili ya yi, wani ya ƙi, har ta fara zargin kanta ne ba ya ja. Wata mai shara ce ta turo ta. Ya buɗe mata shafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta roƙi izinin kwafa.

"Kwafi duka goman, 'yata," ya ce.

Haka ta yi, ta sa su a kundin bincikenta, abin da ya ja mata jinkirin shekara guda. Daga baya jami'a ta kafa kwamiti kan binciken Farfesa, aka aiko aka karɓi littafin, mujallar ta janye binciken. Shi ba a kira shi ba, a bakin direba ya ji.

A shekarar ya yi ritaya. Ɗalibar ta so zuwa yi masa bankwana, amma ranar tana gona. Ya kulle siton, ya miƙa wa mai gadi makulli, suka yi musabaha. A bakin ƙofar jami'a ya tsaya jiran bas, ta zo a cike, ya jira ta gaba.