Magaryar Kaka da 'Ya'yan Gamji

Gidanmu na farko a kan dutse yake a bayan unguwar Jarwal a Makka, inda mota ba ta hawa sai ƙafa. Sanyin Makka ba ya daɗewa, amma in ya zo Kaka ba ta bari ya wuce a banza. Ana idar da sallar magariba za ta sa a fito mata da kaskon gawayi tsakar gida, ta ɗora butar shayi, ni da ƙanena Nasiru da yaran maƙwabta mu zagaye ta kamar 'yan tsaki. Akwai murhun gas a kicin, amma ta ce wutar da ba ta barin toka ba wuta ba ce.

Mahaifiyar babanmu ce, Bakanuwa, ta zo aikin hajji da mijinta ta hanyar Sudan, suka zauna ke nan. Mu da aka haifa a nan Larabci ya fi zama a bakinmu. Mukan ce mata Sitti, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da mu har sai mun ce Kaka. Tatsuniyarta ma da yadda take buɗe ta. "Ga wata nan tafe daga gida, ta ƙetaro teku ba fasfo." Mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo, mu ɓoye ta!" Wanda ya amsa da Larabci ba shi da shayi a ranar.

A ƙarƙashin magarya muke zama. Ba wanda ya shuka ta, da kanta ta fito daga tsagar dutse, kuma a cikin Haramin Makka abin da ya tsiro da kansa ba a sare shi, ba a tsinke shi. Saboda haka aikinmu kullum da yamma shi ne tsince ganyen da ya faɗo ƙasa, wanda ya faɗo kawai. Kaka ta shanya shi a inuwa, ta daka, ta zuba a wani tulun roba mai murfi. Da garin magarya ake wankan gawa, kuma Kaka ba ta da wani buri a duniya da ya wuce a wanke ta da ganyen wannan bishiyar. Ta sha faɗa ba kunya ba tsoro, a gabanmu yara, har muka saba da maganar kamar yadda muka saba da tarinta.

Wata shekara babanmu ya ƙudura zai fitar da ɗaki a wurin.

"Ya Ummi, ɗaki ɗaya ne fa, in lokacin hajji ya zo mu sauke alhazai. Shajara ce, bishiya ce kawai, kalas."

"Haruna, kai ka shuka ta?"

"A'a."

"To bari Wanda ya shuka ta ya sare abinsa. A Haraminsa za ka ɗaga gatari? Ka jira in mutu a wanke ni da ita, sannan ka yi yadda ka ga dama da lahirarka."

Ba a sake maganar ɗaki ba. A yammacin ranar ne ta ba mu tatsuniyar da har yau ban gama da ita ba.

Wai akwai wani gari a gindin tudu, da wani ƙaton gamji a tsakiyarsa. Mutanen garin sun ce akwai mai gida a cikin bishiyar, wani iska da ya riga kakanninsu zama a wurin. Nan Kaka takan tsaya ta ce, "Astagfirullah, zamanin duhun kai ne, iska bai mallaki ko allura ba," sannan ta ci gaba da daɗin bakinta kamar ba ita ta faɗa ba. Kowace shekara sukan ɗaura wa gamjin farin saƙi. Ko tsinken sakace ba a karya daga jikinsa. Har abin ya zama sunansu, in sun je kasuwar wani gari aka tambaye su daga ina, sai su ɗaga kai su ce, "Mu ne 'ya'yan gamji, mu ba ma taɓa itace." Suna raina maƙwabtansu, suna ce musu masu gatari.

Amma 'ya'yan gamji suna cin tuwo, tuwo kuwa ba ya dahuwa da kirari. Sai su hau tudun da ke bayan gari, can dajin da ba nasu ba, su saro itace son ransu, tunda ba gamji ba ne, ba kuma a cikin gari yake ba. Suna sara, suna sara, har tudun ya koma kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba saiwar da za ta riƙe ƙasa, sai tudun ya taho da ruwan gaba ɗaya, ya bi ta kan garin, ya kwashe ɗakuna da rumbuna da jarirai a goye. Da gari ya waye ba abin da ke tsaye sai gamjin, da farin saƙinsa ko laka ba ta taɓa shi ba. Waɗanda suka tsira suka watse a duniya, kuma duk inda suka je ba su fasa cewa su ne mutanen da ba sa taɓa itace ba.

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya da linzami. Na dubi kaskon na ce, "Kaka, wannan gawayin daga ina yake?"

"Daga wajen Harami mana. Kin taɓa ganin na ƙona na ciki?"

"To ai shi ma itacen wasu ne."

Ta daɗe tana juya garwashi da cokali. Sannan ta ce, "Habiba, bakinki ya girme ki. Kina tsammanin don waɗansu na ba ku labarin?" Ta rufe tatsuniyar yadda ta saba, wai ta koma inda ta fito kafin a kama ta, ta kore mu mu je mu yi alwalar isha.

Ina da 'ya'ya biyu lokacin da rusau ya iso unguwarmu. Aka shafa wa bangaye jan fenti, aka ba mu lokaci, muka koma wani bene a unguwar Shisha. Kaka ta bar wa babanmu duk kayan ɗakinta ya yi yadda ya so da su, tulun nan kawai ta rungume a cikin tasi. Magaryar ba wanda ya sa mata gatari, wannan kam zan iya rantsewa. Dutsen da take kai aka kwashe. Na je daga baya na tsaya a bakin shinge, na kasa gane ko a wane wuri cikin sararin sama tsakar gidanmu take a da. Na yi kukan da ban yi ba ranar da muka tashi.

A shekarun nan Nasiru ya tafi Japan karatun injiniya. Da ya dawo hutu ya zauna a gefen katifar Kaka yana nuna mata hotuna a waya. Ƙarfi ya ragu a jikinta, amma tsokana ba ta ragu ba.

"Angona, ka je ƙarshen duniya ba ka kawo mini ko zane ba? Mene ne wannan?"

Wata ƙatuwar bishiya ce an ɗaura mata igiyar ciyawa mai kauri, da fararen takardu suna lilo, wani mutum cikin kwat ya sunkuyar da kai a gabanta. Nasiru ya ce addininsu na gargajiya ne, Shinto. Sun yarda akwai masu zama a cikin bishiyoyi da duwatsu da ruwa, kuma kusa da wuraren bautarsu sukan bar kurmi ba a taɓa shi, ko da a tsakiyar birni ne. Ya ce yana da aboki da ba ya zuwa bauta sai ranar sabuwar shekara, amma in ana hira sai ya ce son daji a jininsu yake, shi ne abin da ya bambanta su da sauran mutane.

"Wallahi ya Kaka, wurin nadif, tsaf-tsaf, ko ganye ba ka so ka taka. Na ga wani tsoho mai kula da kurminsu, ya yi shekaru yana faɗa kada a ratsa titi ta ciki, kuma da gaske yake, ba don a gani ba. Bas, amma fa na ga koguna an yi musu bango da siminti, na ga katako jibge a tashar jirgin ruwa daga dazuzzukan wasu ƙasashe. Su kansu suna gardama a kai. Wani malaminmu ya ce kurmin bauta ya zama kamar hular salla, a sa ta a ɗauki hoto."

Kaka ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta. "Ashe can 'ya'yan gamji suka koma," in ji ta. Nasiru ya fara dariya, ta katse shi. "Kada ka yi musu dariya, su tasu tana tsaye. Kai da kake karatun fasa dutse, ina taka?"

Nasiru ya mayar da wayar aljihu.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin labarin munafukai. Yanzu ba na ganin haka. 'Ya'yan gamji da gaske suke son gamjinsu, kamar yadda tsohon nan na Japan yake son kurminsa, kamar yadda Kaka take son magaryarta. Abin da ya ci su shi ne sun ja layi, suka ce na ciki mai alfarma ne, na waje makamashi, sannan suka mayar da layin sunan kabilarsu. Wanda ya yarda shi mai son itace ne tun daga haihuwa ba ya sake duba hannunsa. Mu ma da muke taƙama da zama a garin da aka haramta tsinke ciyawarsa, ban ga abin da muka hana ba. Wannan tunanin ba ya sanyaya mini rai, ƙara mini nauyi yake.

Garin magaryar kuwa ya yi ta raguwa. Tsofaffin maƙwabtanmu sun watsu, wasu Rusaifa, wasu nesa da haka, amma duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya aiko wurin Kaka, ita kuma ba ta iya cewa babu. Na ƙarshe ya tafi ne a kan wata Baraka, mai sayar da gyaɗa a bakin titi, wadda ta mutu ba takarda ba dangi. Na ga Kaka tana kife tulun tana bubbuga gindinsa a kan leda.

"Kaka, naki fa?"

"Ni ina numfashi. Ita tana kwance tana jira."

Bayan ƙaramar salla Kaka ta rasu. Na sauka da kaina zuwa shagon mai kayan ƙamshi na ce ya ba ni garin magarya. Ya miƙo mini a ƙulle cikin leda, kore shar, ya fi nata laushi. Na tambaye shi daga ina ake kawo shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Min barra, ya hajja." Daga waje.

Da shi muka wanke ta, ni da ƙanwar babanmu. Ganyen bishiyar wasu mutane ne, a wani gari da ban san sunansa ba, ban kuma san ko sun bar ta a tsaye ba.