Ranar da Kawu ya duba karatuna

Shekara ɗaya na yi ina koyon kwamfuta a Konni, Baba ya aiko in zo Tajaye. An gama girbi, sa'o'ina suna shirin ci-rani Abijan, shi kuma ya gaji da jin ana cewa ɗansa yana karatun da ba a gani. Ya ce in nuna abin da na koya, in babu, in bi motar samari.

Na buɗe kwamfutar aro a zaure, ina hura hanci. Na yi bayani cewa na'ura ba ta san harafi ba, sai sifiri da ɗaya, kuma na rubuta umarni layi uku a yaren Python da ke mayar da kowane harafi lamba takwas.

"Rubuta gero," in ji Baba.

Na rubuta, na danna. Lambobi talatin da biyu suka jeru. Ya daɗe yana kallo.

"Shekara guda, wanga ɗai ka samo? Gero ma ya ɓace. A kira mini ƙanena."

Kawu bugun ƙasa yake yi, kuma duk garin an san na taɓa kiran sana'arsa damfara. Ya zo da tirensa na yashi, bai ko kalle ni ba. Ya sa na karanto lambobin huɗu-huɗu. In na ce ɗaya ya ɗiga ɗigo guda, in na ce sifiri ya ɗiga biyu, hannunsa ya fi bakina sauri.

"Yaya, ai aikinmu ne sunka sa ma lantarki," ya ce. "Mu da yashi muka yi, ba mu jiran a kawo wuta."

Haushi ya cika ni, amma mai nema ba ya fushi. Kawu ya tsaya kan huɗun ƙarshe, ɗaya-ɗaya ne duka.

"A bugun ƙasa, wanga gidan hanya ne. Shi koma inda ya hito, ba a tare mai hanya."

Baba ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Bayanina na rabin awa bai yi abin da yatsan Kawu ya yi ba, kuma kunya ta hana ni yi masa godiya.

A motar Konni na gwada kalmar dawa. Ta ƙare da sifiri uku da ɗaya. Har Kawu ya rasu ban yi ƙarfin halin tambayarsa wane gida ne wannan ba.