Daga Injamena zuwa Jidda da Gwaggo

Gari bai gama wayewa ba muka bar unguwarmu ta Butalbagar, ni da gwaggona, a taksin wani maƙwabci da ya ƙi karɓar ko sefa, wai mu dai tuna da shi a Arfa. Hanyar duk ramuka ce har kusa da babbar kasuwa, inda masu shayi suka fara hura wuta.

Mahaifin Gwaggo, wato kakana, daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa da niyyar Hajji. Ya yada zango a garin nan don ya nemi guzuri, ya yi aure, ya tsufa, ya rasu yana kiran kansa matafiyi. Bana likita ya ce zuciyar Gwaggo ta fara gajiya, sai 'ya'yanta suka ce kada a ƙara jira. Ni aka zaɓa na raka ta, tunda na taɓa zuwa.

Guzuri ta yi kamar a jaki za mu ratsa Sudan: gurasar kisar, kilishi, busasshiyar kuɓewa, har da muciya. A filin jirgi wani jami'i ya buɗe jakar, ya tambaye ta da Larabci ko can za ta zauna. Ta ce ba ta sani ba tukuna, babanta ma bai san nan zai zauna ba.

Da hantsi muka tashi. Ta taga ba a ganin komai sai jar ƙasa, ba gari ba hanya. Aka kawo shinkafa da 'yar kaza, ta ɗanɗana ta ce gishiri bai ji ba, ta koma kan kilishinta. Mun ƙetare kogin Nilu tana barci. Da aka sanar a yi niyya, ta riƙo hannuna.

"Kai ka sauke naka. Wannan ka yi wa Baba."

Na yi niyya da sunansa.

Da la'asar muka sauka. Ta tsaya a zauren baƙi tana kallon fitilu.

"Ɗana, ina ne nan?"

"Jidda, Gwaggo."

"Yau ɗin nan?"

Ta zauna a kan jakarta. Can ta ce, "Ashe tsakanin hantsi da la'asar ne."

A keken turawa ta yi ɗawafi, zuciyar kuma ta kai mu ta dawo da mu. Ranar da muka iso gida tsakar gidan ta cika da masu barka da masu jiran zamzam da dabino. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko Makka da nisa. Gwaggo ta ce ita ba ta ga nisa ba, amma akwai shi.

Ni dai abin da na koya ke nan: jirgi ya rage wa hanyar tsawo, amma ga wanda bai samu hawa ba, tana nan yadda kakana ya bar ta.