Rigar Sanyi Daga Rungis

Mun tashi da asuba, Paris na zubo wannan yayyafin nata da ba ya jiƙa mutum sosai, sai dai ya ɓata masa rai. Na fito daga gidana a Belleville masu shaguna ba su ɗaga ƙofofi ba tukuna, na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tare da masu shara da masu gadi, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi masa mutuwa. A tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon na tarar da yayana yana jirana. Daga wurin aiki ya wuto kai tsaye, ko gida bai biya ba. A Rungis yake aiki, babbar kasuwar abinci ta bayan gari, ɓangaren kifi, inda ake kwana ana ɗaukar kwalaye cikin ɗakunan ƙanƙara. Yana sanye da ƙatuwar rigar sanyinsa ta aiki, wadda duk wankin duniya bai raba ta da ƙarnin kifi ba, ga wata jakar ƙanƙara a hannunsa.

Bari in gaya muku abin da ya kai mu Lyon. Yayana yana da ɗa guda ɗaya tak. Uwar yaron Baturiyar Ireland ce da ta zo karatu Paris, ta rasu tun yana firamare. Yaron ya tashi ƙato, ya kamu da son ƙwallon zari-ruga, har wani kulob na Lyon ya ɗauke shi makarantarsa ta horar da matasa. Yanzu mutanen ƙasar uwarsa sun ji labarinsa. Suna zaɓen matasan da za su buga wa ƙasa, kuma sun aiko mutum ya kalli wasansa na ranar. Kulob ɗin Lyon ma ba sa son sakinsa. Kwanaki kafin tafiyar yaron ya kira ni da sunan da yake kirana, wato baffa da Faransanci, ya ce, "Tonton, in Papa ya ce in zauna, zan zauna. Kalma guda nake so in ji daga bakinsa."

To, a nan gizo ke saƙa. Yaron ɗan fari ne, yayana kuwa Bamaraɗe ne na da. A gidan da muka tashi, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yaba shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran yayana da sunansa ba. Kunya ce, kuma kowa a unguwa ya san ƙauna ce ke ƙarƙashinta. Yayana ya ɗauko wannan kunyar ya tsallako teku da ita, ya manta bai ɗauko unguwar ba. Tun haihuwar yaron abin da yake ce masa shi ne "kai", in kuma yana ba da labarinsa, "yaron nan".

Jirgin ƙasan yana gudu kamar an koro shi. Bayan mun bar gari sai gonaki, jiƙaƙƙu, da shanu farare masu ƙiba da ba su san makiyayi ba. Na je sayo mana kafe, wato gahawa, a taragon abinci, da na ji kuɗin kofi biyu sai da na sake tambaya, don a Maraɗi da shi za a shayar da majalisa guda har a ƙara da burodi. Na kawo wa yayana nasa, na zauna, na gaya masa abin da yaron ya ce a waya, ban rage komai ba. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Mi zan ce mishi? Namiji ne, ya san abin da ya fi mishi."

"Yaya, shi a nan aka haife shi. Bai san irin shirunmu ba."

Ya juya fuska ga taga. Jim kaɗan barcin daren da bai yi ba ya sace shi, jakar ƙanƙarar na tsakanin ƙafafunsa.

Lyon ta tarbe mu da hazo da iska mai sanyi daga kogi. Gari ne mai tsafta da natsuwa, mutanensa ba sa banke ka a kan hanya kamar na Paris, amma kuma ba sa kallonka. Muka shiga metiro, muka sauya zuwa taram, jirgin da ke bin layinsa a kan titi, muka nufi Les Minguettes a kudancin gari. Dogayen benaye ne iri ɗaya, in ka ɓata sai dai ka bi ƙamshin miya. Can wata Hajiya 'yar Tawa take, tsohuwar maƙwabciyarmu a Paris, wadda yaron ke zuwa wurinta cin tuwo duk ƙarshen mako. Muka gaisa gaisuwar gida, ta gajiya da sanyi da iyali da mutanen Maraɗi, har shayin da ta zuba mana ya huce. Yayana ya buɗe jakar ƙanƙara, sai ga wani kifi mai tsayin hannu, irin wanda manyan otal ke rububi. Na san irin wanda yaron ya fi so ne tun yana ƙarami. Ya tura wa Hajiya ya ce, "Na mutanen gida ne." Hajiya ta dube ni, na dube ta. Ita kaɗai ce a gidan.

Da azahar muka isa filin wasa. Ƙaramin fili ne a bayan gari, ciyawar duk ta zama taɓo, 'yan kallo iyaye ne da tsofaffi masu lema. Ga wanda bai taɓa ganin zari-ruga ba, ƙwallon kamar gwanda take, kuma doka ita ce sai ka jefa ta baya kafin ka ci gaba, abin da na ce ya yi kama da zaman da yawa daga cikinmu a Turai. Ƙarti na haɗa kai suna tunkuɗar juna, alƙalin wasa na tsaye yana kallo, ba mai raba su. Wannan ne karon farko da yayana ya zo kallon ɗansa. Ya ƙi zama a gaba, ya koma can ƙarshen benci, ya yi kamar tallan da ke jikin katanga ya zo karantawa.

Yaron ya yi wasa, wallahi ya yi. Duk inda ya nufa sai an taru a kansa kafin ya faɗi. Can bayan hutun rabin lokaci ya ɗauko ƙwallo da gudu, wasu biyu suka tare shi lokaci guda, ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙirji. Ya faɗi, bai tashi ba. Kafin in ankara yayana yana jikin ƙarfen shinge, ban ga lokacin da ya sauko ba. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya ƙwala kiran sunan yaron. Sunansa na yanka, cikakke. Tunda aka haifi yaron nan ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Amma filin ya kaure da ihu da usur, ni kaɗai da ke kusa na ji. Yaron ya miƙe yana girgiza kai, aka tafa masa, yayana ya koma bencinsa ya ci gaba da karanta talla.

Bayan wasa aka kira mu wani ɗakin shan shayi na kulob. Mutumin Ireland dattijo ne mai jan fuska da karyayyen hanci, yana jin Faransanci daidai gwargwado, mutumin kirki. Ya ce yaron ya burge shi, suna so ya zo sansanin matasan ƙasa, kuma akwai ƙungiyar da za ta ba shi gurbi a makarantarta. Ya ce su al'adarsu, wanda ke son rigar babbar tawagar ƙasa, a gida ake son ya buga. Sannan ya kawo maganar haraji. A can, in ɗan wasa ya yi shekarunsa yana bugawa yana biyan haraji, ranar da ya ajiye wasa gwamnati na mayar masa da wani kaso na abin da ya biya. Shi ya sa, in ji shi, kulob-kulob ɗin Faransa ke zuwa da manyan kuɗi amma yawancin yaransu ba sa motsawa.

Na yi dariya na ce wa yayana da Hausa, "Ka ji ƙasar da lanho, harajin da aka biya, ke dawowa. Mu namu in ya tafi ko sallama ba ya yi." Bai yi dariya ba. Ya riga ni gane abin da maganar ke nufi. Wannan ba tafiyar sansani ba ce ta 'yan makonni. An tsara abin ne yadda wanda ya shiga ba zai so fita ba sai gwiwoyinsa sun ƙare. Yayana da ya zo Faransa da niyyar shekara biyu, ga furfura ta cim masa a Rungis, ya san irin wannan tafiyar.

Yaron na tsaye gefen tebur, gashinsa a jiƙe, gira a kumbure, idonsa a kan ubansa. Baturen ya juya ga yayana yana murmushi, ya ce lallai yau yana alfahari da ɗansa, kuma mene ne ra'ayinsa a kan tafiyar. Na taka ƙafar yayana a ƙarƙashin tebur. Ya dubi kofin da ke gabansa, ya amsa da Faransancinsa mai tsafta, irin amsar da mahaifinmu zai bayar a zaure in an yaba masa ɗa.

"Akwai waɗanda suka fi shi a filin. Tafiya kuwa, yadda ya gani. Ni ba ni da ta cewa."

Baturen ya yi tari, ya gyara zama. Na ga fuskar yaron ta rufe a hankali. Ya ce, "Dakor, Papa," wato shi ke nan, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Na bi shi har wurin ajiye motoci, cikin yayyafi. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, na ba shi labarin kakansa, na ce kifin da ke gidan Hajiya nasa ne. Na rantse masa cewa da ya faɗi a fili ubansa ya kira sunansa da ƙarfi, da kunnena na ji. Ya saurare ni har na gama, don yaro ne mai ladabi.

"Tonton, kullum kai ke gyara masa magana. Tun ina ƙarami. In ya kira sunana, me ya sa ni ban taɓa ji ba?"

Ya rungume ni, ƙirjinsa kamar ƙofa, ya ce in gaida yara.

Jirgin yamma muka biyo. Gonakin da muka gani da safe duk sun dushe. Raina a ɓace yake, kuma ban ɓoye ba, ko kafe ban saya masa ba. Mun wuce rabin hanya saƙo ya shigo wayata, ba wayar uban ba. Yaron ya amsa wa mutanen Ireland, zai tafi kafin wata ya ƙare. Na miƙa wa yayana wayar. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Daga nan ya tashi ya nufi ban-ɗaki, ya daɗe ƙwarai, ya dawo da fuska a wanke da jajayen idanu, ya ce sabulun jirgin nan yaji gare shi.

A Gare de Lyon za mu rabu, shi zai je ya ɗan kwanta kafin aiki, ni in koma Belleville. Mun yi sallama har na juya, ya kira ni.

"Ƙasar nan tasu, an ce akwai sanyi da ruwa kullum?"

Na ce haka ake faɗa. Sai ya zuge rigar sanyinsa, ya tuɓe ta a tsakiyar tasha, ya rage daga shi sai wata 'yar shat, ya ɗora mini ita a hannu.

"Ka aika mishi. Ba ta shan ruwa. Ka ce kai ka saya."

Bai jira in yi magana ba, ya gangara matakalar metiro da kafaɗu a ɗage saboda iska.

Na iso gida lafiya, alhamdu lillahi, sai dai zuciyata ba ta iso tare da ni ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Wasu ɗabi'unmu na gida suna da kyau ne saboda akwai kakanni da gwaggwanni da maƙwabta masu fassara wa yaro su. A nan babu kowa sai uba da ɗa a ɗaki guda, kuma abin da uban bai faɗa ba, yaron bai ji ba. Mutanen Ireland sun zauna sun yi tunanin abin da zai riƙe 'ya'yansu a gida har suka saka shi cikin dokar haraji. Yayana kalma guda aka nema a wurinsa, tana bakinsa, ya haɗiye ta.

Rigar tana rataye a bayan ƙofata, matata ta yi ƙorafin ƙarni har ta gaji. Ta ce in kai ta wanki kafin in aika, na ce a'a. Gobe zan kai ta gidan waya yadda take. Zan ce ni na saya, kamar yadda aka umarce ni. In ya buɗe kwalin, hancinsa zai gaya masa mai ita.