Inna ba ta ga zamanin safar likita ba

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, kuma sai bana na gane ashe ina da ƙyashi. Wallahi ina da shi.

A Gulma ta ƙare rayuwarta tana turara shinkafa, tsaye gaban tukunya tun hantsi har la'asar. Jijiyoyin ƙafarta suka kumbura, suka murɗe kamar igiyar guga. Mu kuwa muka ce mataccen jini ne, muka kira wanzami ya kafa mata ƙaho a kan jijiyar. Jini ya yi ta zuba, wurin ya zama gyambon da bai warke ba har ta koma ga Allah. Inna, wadda duk amaryar unguwa ita ke ƙunsa mata lalle, ta daina sa wa ƙafarta. Zane take saki har ƙasa kada a gani.

Kwanan baya wurin biki a Argungu na haɗu da Gwaggo Kulu, aminiyarta, wadda suka yi sana'a ɗaya da ciwo ɗaya. Ɗanta ya kai ta asibiti Birnin Kebbi, aka ɗauki hoton jijiyoyin, aka yi wa ƙananan jijiyoyin allurar da ke rufe su, babbar aka yi mata aiki. Aka ba ta safa mai matse ƙafa, aka ce ta riƙa ɗora ƙafafun kan matashi in ta kwanta. Ga ta nan tana takawa, lalle ja wur har idon sawu!

Na gaishe ta, na ce Allah ya ƙara lafiya, amma zuciyata tafasa take. Me Kulu ta fi uwata da shi? Ba ta fi ta haƙuri ba, ba ta fi ta ibada ba, rai kawai Allah ya ja mata. Na yi istigfari, abin bai tafi ba.

Da Inna na nan, na san dariya za ta fara yi, ta ce yau ga tsohuwa da safa kamar ɗan ƙwallo. Sannan ta saka, ta aika a sayo lalle.

Gwaggo Kulu ce ta lura da yadda nake jan zanena ƙasa. Ta ɗaga gefensa ba ko sallama, ta ga jijiyoyin da na gada.

"Ɗiyata, mi kike jira? Wanzami?"

Na je asibiti. Likita ya ce tawa ba ta yi nisa ba, safa da yawan tattaki sun isa tukuna. Abin da Inna ta bar mini bai wuce hannun lalle da waɗannan jijiyoyi ba. Kullum da safe in na ja safar nan, ba Kulu nake wa ƙyashi ba kuma. Ƙafafuna nake kallo, ina jin haushin sun samu abin da nata ba su samu ba.

Allah ya jiƙan Inna.