Shafukan da Na Ce Sun Tsufa

Ko da zan manta da duk wani abu da ya same ni a shekarun da na yi ina aikin jinya a Doha, ba zan taɓa manta wata ranar Talata a shekarar korona ba. A ranar aka binne babana, ni kuma ina zaune a bakin gado a wata ƙasa ina kallo ta waya.

A lokacin ina zaune a Al Muntazah, a hawa na uku, saman wani shagon shawarma. Mu biyu ne a gidan, ni da wata dattijuwar nas 'yar Filato wadda ta girme ni da kusan shekara ashirin. Kowa Mama yake ce mata, har likitoci. Ni kuwa daga Kudancin Kaduna na fito, shekarata ta uku ke nan a ƙasar. Ranar Jumma'a ce ranar hutu a can, don haka a ranar muke zuwa sujada. Idan aka tashi, mu 'yan gida masu jin Hausa sai mu taru a falonmu, Mama ta tuƙa tuwo, mu ci, mu yi nazarin Littafi Mai Tsarki.

Wanda yake jagorantar nazarin wani ɗan'uwa ne mai gyaran injuna a kamfanin gas. Mutumin kirki ne, kuma akwai shi da baki. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne Tsohon Alkawari ya gama aikinsa. Yakan ce, "Mu 'ya'yan alheri ne. Me ya haɗa mu da yanka raguna da jerin sunayen kakannin wasu mutane? Yesu ya zo, khalas, an gama." Ni ce ta farko wajen gyaɗa kai. Gaskiya ban taɓa karanta sashen da kyau ba. Duk lokacin da na gwada sai in ci karo da yaƙe-yaƙe da dokokin abinci, in rufe. Da na sami wanda ya ce ba dole ba ne, sai na ji daɗi.

Mama ba ta yin gardama. Ita dai kullum da safe za ka gan ta da tsohon Littafinta na Hausa, a buɗe wajen tsakiya. Wata rana na tsokane ta, na ce, "Mama, har yanzu kina nan cikin tsofaffin shafukan nan? An wuce wurin fa." Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "'Yata, ni ban wuce ba tukuna." Na yi dariya. Yanzu idan na tuna dariyar nan kunya nake ji.

Sai cutar ta shigo. Aka rufe majami'u, aka dakatar da jirage, nazarinmu ya koma kiran waya. Ni aka kai ni sashen masu cutar. Awa goma sha biyu muke yi cikin rigar kariya, zufa tana gangarowa har cikin takalmi, takunkumi ya yanka mana hanci. Yawancin majinyatanmu baƙi ne irina, mutanen da suka baro iyali a nesa. Sau da yawa ni ce nake riƙe wa mutum waya ya yi ban kwana da matarsa da yaren da ban sani ba. Idan na dawo gida ko wanka sai na yi da ƙyar. Ban san jiki yana iya gajiya har mutum ya kasa kuka ba, sai a lokacin.

Ana cikin haka babana ya kwanta ciwo a ƙauye. Ba korona ba ce, tsohon ciwon zuciyarsa ne ya tashi. Na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba. Na yi azumi ina kan aiki. Na ce wa Allah ina kula da iyayen wasu a nan, shi ya kula mini da nawa a can. Kwana tara ya yi, ya rasu. Babu jirgi, babu hanyar zuwa.

Ranar jana'izar an ba ni hutu. Wajen ƙarfe sha biyun rana ƙanwata ta kira ni da bidiyo, ta ɗaga wayar don in gani. Na ga akwatin, na ga matan zumunta da anko suna waƙa, na ga mamata zaune a kan kujerar roba ta zama ƙarama. Hoton yana tsayawa yana tafiya. Daidai lokacin da maza suka kama igiya za su sauke shi, layin ya yanke. Na kira, na sake kira. Da ya shiga, har sun fara zuba ƙasa.

Bayan awa ɗaya 'yan nazarinmu suka kira ni tare don gaisuwa. Kowa ya ce sannu da haƙuri. Sai ɗan'uwan nan ya karɓi magana, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi. Ya ce, "Sista, ki share hawaye. Mu mutanen Sabon Alkawari ba ma makoki irin na mutanen dā. Baba ya ci nasara. Yau ranar godiya ce, ki buɗe baki ki gode wa Ubangiji."

Na kashe wayar.

Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Na ce mata, "Mama, na gama. Ba ni da godiyar da zan yi. Na roƙe shi, bai amsa ba. Ko kallon saukar babana bai bar ni na yi ba. Idan wannan ya sa na zama mara bangaskiya, to na zama. Kada a ƙara kira na nazari." Da gaske nake. A raina na riga na yanke cewa idan Kirista dole ne ya yi murmushi a rana irin wannan, ni ba zan iya Kiristanci ba.

Ta shiga kicin, na ji ƙarar tukunya. Can sai ga ta da kunun gyaɗa a kofi. Ta ce, "Yalla, maza tashi ki sha." Na ce ba na jin yunwa. Ta ce, "Ban tambaye ki ba." Na sha. Ina sha tana ba ni labari kamar wadda take hira a kan maƙwabci. Ta ce akwai wani babban annabi da ya yi wa Allah aiki har ƙarfinsa ya ƙare, ya gudu jeji, ya kwanta a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa domin ya gaji.

Na ce, "Sai Allah ya hukunta shi?"

Ta ce, "Sai ya aiko masa da abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci. Da ya farka ya sake ba shi abinci. Ba a yi masa wa'azi ba sai da ya huta. Ke ma kwanta."

Ta ja labule, ta rage sanyin AC. Na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin cutar.

Da na farka rana ta faɗi, ana kiran sallar magariba a masallacin da ke bayanmu. Mama tana zaune a kan kujera da Littafinta. Ta ce, "Ba zan ce ki yi addu'a ba. Ki saurara kawai." Ta buɗe Zabura ta fara karantawa a hankali. Wani mutum ne yake magana da Allah, amma ba irin maganar da na saba ji a coci ba. Yana faɗa masa ya kira dare da rana ba a amsa ba, an raba shi da mutanensa, an kulle shi ba hanyar fita. Ina ta jiran wurin da zai juya ya ce amma duk da haka ya gode. Har ta kai ƙarshe bai juya ba. A cikin duhu ya tsaya.

Na ce, "Ina sauran?"

Ta ce, "Iyakarsa ke nan."

Na karɓi Littafin na duba da idona, domin ban yarda an bar irin wannan a ciki ba. Yana nan. Na ce, "Mama, an yarda mutum ya faɗa wa Allah haka?" Ta ce, "Da ba a yarda ba, da an cire tuntuni. Kuma ki gaya mini, sa'ad da Ubangijinmu yake kan gicciye, wuya ta yi wuya, daga ina ya ɗauko kalmomin da ya yi kuka da su? Daga cikin waƙoƙin nan ne. Littafin da uwarsa ta koya masa ke nan. Shi bai ce ya tsufa ba."

A nan kukan ya zo. Na kife a kan cinyarta na yi ta yi, ita kuma tana bubbuga bayana. Cikin kukan na ji bakina yana maimaita abin da ta karanta, ina faɗa wa Allah kai tsaye, da fushina da komai. Sai daga baya na gane ashe addu'a nake yi.

Ba zan ce daga ranar komai ya warware ba. Bayan kwana biyu na koma cikin rigar kariya, gajiyar tana nan inda na bar ta. Sai bayan fiye da shekara na tsaya a kan kabarin babana. Kuma da na fara karanta Tsohon Alkawari da gaske, na tarar da wuraren da suka dame ni. Na taɓa kai wa Mama wani labarin yaƙi, na ce ta bayyana mini. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wannan ni ma ban gane ba. Na ajiye shi cikin tambayoyin da zan yi idan na isa gaban Allah."

Da aka buɗe gari muka koma haɗuwa, na faɗa wa ɗan'uwan nan abin da ya faru. Ya ce, "Amma Sista, ai ba a ƙarƙashin Shari'a muke ba." Na ce, "Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ba na yanka rago don zunubina, kuma ba zan fara ba. Amma ranar nan ka ba ni inda labarin ya ƙare, ni kuwa ina tsakiyarsa." Bai ce ya sauya ra'ayi ba, ni ma ban matsa ba. Ya dai ce in yafe masa, na ce babu komai.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, begen tashin matattu gaskiya ne, kuma a kansa nake tsaye har yau, amma mutum ba ya isa wurin da tsalle. Akwai kwanakin da bangaskiya ba ta da abin faɗi sai kuka da tambaya, kuma Allah ya san da su, shi ya sa ya ajiye mana kalmominsu tun kafin a haife mu. Tun daga lokacin ban ƙara cewa wani shafi na Littafin ya tsufa ba. Idan na karanta ban ji yana magana da ni ba, sai in ce ranarsa ce ba ta zo mini ba tukuna.