Allurar Jikan Sarkin Tauri

Ban taɓa mantawa da ranar da na je yi wa jikan Sarkin Tauri allura ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin ƙauye tsakanin Zurmi da Moriki, ni ke riƙe da rigakafin yara.

Ga wanda bai san aikin ba, akwai rigakafin da ake ɗigawa a baki, akwai na allura. Ana farawa daga haihuwa, a yi ta dawowa har a kai ga ta ƙyanda idan yaro ya cika wata tara. To akwai wata Rabi da ba ta fashin zuwa da ɗanta Isiya, amma da an ɗiga masa na baki sai ta goya shi ta gudu. Ana haka ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen da ke gaba da nasu. Shugabanmu, Malam Bala, ya ce, "Asabe, ɗauki akwatin sanyi ki bi yaron nan har gida."

Da na je, Rabi ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ita da mijinta suna so, surukinta ne ya hana, Baba Ɗanjimma, Sarkin Taurin garin. Ya shaida wa kowa cewa jininsa ƙarfe ba ya kama su.

Na same shi a gindin bedi, mutane kewaye da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya yi dariya ya ce, "Likita, tausayin allurarki nika ji. Karyewa za ta yi, gwamnati ta yi asara."

Na ce, "Baba, na zo da guda goma."

Dariyar ta tsaya. Ya ce in biyo shi zaure. Muna shiga ya rage murya: "Ke ɗiyar nan, so kike ki kashe ni da raina? In ta shiga, da wane ido zan kalli garin ga?"

Na ce, "Baba, ƙyanda fa ba ƙarfe ba ce. Ba ruwanta da tauri, kuma ga ta nan a ƙauyen gaba."

Ya leƙa cikin gida inda Isiya ke rarrafe yana bin kaza. Can ya ce, "Akwai zahi?"

Muka fito. Ya sa aka kawo yaron, ya ɗaga murya: "Jama'a, kun san ƙarhe ba shi shiga gidan ga sai da izinina!" Ya sunkuya kan allurar da ke hannuna. Na hana shi tofa mata komai, don haka ya yi mata raɗa daga nesa. Sannan ya daka mata tsawa: "Na yarje miki! Shiga!"

Ta shiga. Isiya ya tsala ihu, Baba ya kau da kai ya runtse ido, jama'a suka ɗauki kabbara.

Tun daga ranar, duk fitar rigakafi da muka yi zuwa garin sai mu tarar Baba ya riga mu zama. Ya ce duk yaron garin ya sha ruwan gidansa, saboda haka babu allurar da za ta shiga sai ya yi mata magana. Shi ke bi gida-gida yana tattaro iyaye, don ba ya son aiki babu 'yan kallo. Isiya ya cike duk alluran da suka wuce shi.

Ku da kuka fara aiki yanzu, a horo za a gaya muku nisan hanya da jita-jita da rashin tsaro ke hana rigakafi, kuma gaskiya ne. Amma idan dattijo ya ce a'a a gaban mutane, kada ku buɗe masa lacca. Ku bi shi zaure tukuna.